Sakan bakwai a kan kwalta

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Yamai, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, ta miƙe har Difa. A garuruwa da yawa ta raba gari biyu. Gida yana wannan gefe, makaranta ko kasuwa tana wancan gefe. Saboda haka akwai yaran da suke tsallake kwalta sau huɗu kowace rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutane fiye da miliyan ɗaya a duniya kowace shekara. Ta ce kuma shi ne ya fi kowace cuta kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29.

Yaro yakan hangi mota ya ce: "Ai tana nesa, zan wuce kafin ta iso." To, mene ne nesa? Yau za mu auna shi da lissafi.

Mu ɗauki na'urar lissafi. Da faransanci ana ce mata calculatrice. Wanda ba shi da ita ya roƙi malam ko wani babba a gida ya buɗe masa ta cikin salula, domin kusan kowace salula tana da ita.

A ce mota tana gudun kilometir 50 a awa. Kilometir ɗaya metir 1 000 ne. Ke nan motar tana cin metir 50 000 a awa ɗaya. Awa ɗaya minti 60 ce, kowane minti kuma sakan 60 ne. Ku danna 60 × 60. Na'ura za ta nuna 3 600. Yanzu ku danna 50 000 ÷ 3 600. Za ku ga 13,88 da waɗansu lambobi a bayansu. Mu ce metir 14. Kafin ka ce "ɗaya", motar ta ci metir 14. Ya fi tsawon ajinmu.

Ku lura: na'ura ba ta san mota ba, ba ta san hanya ba. Abin da ka danna mata shi take lissafawa. In ka manta sifiri ɗaya, za ta ba ka amsar banza, kuma ba za ta ji kunya ba. In amsa ta fito, ka tambayi kanka ko ta yi kama da gaskiya.

Yanzu mu koma ga mai tafiya ƙasa. A ce faɗin kwalta metir 7 ne. Ƙaramin yaro yana tafiyar wajen metir ɗaya a sakan ɗaya. Sakan 7 ke nan zai yi a kan hanya. Metir nawa motar za ta ci a cikin sakan bakwai ɗin nan? Ku danna 14 × 7. Amsa ita ce 98. Wannan kusan tsawon filin ƙwallo ne, daga raga zuwa raga. Motar da ka hanga a wancan ƙarshen fili za ta iso daidai lokacin da kake sa ƙafarka ta ƙarshe a bakin hanya. In takalminka ya cire fa? In kana janye da ƙanenka, ko kina ɗauke da tulu a kai?

Wani zai ce: "Ai direba yana ganina, zai taka birki." Ko da ya gan ka, mota ba jaki ba ce da za a ja wa igiya ya tsaya. Daga lokacin da idon direba ya gan ka zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai ga birki, sakan ɗaya ya wuce, metir 14 sun tafi. Bayan ya taka birki, motar za ta ƙara wajen metir 14 kafin ta tsaya cik. Duka metir 28 ke nan, in kwalta a bushe take kuma birki yana da kyau. In iska ta zubo rairayi a kan hanya, ko an yi ruwa, sai abin ya ƙaru. Babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa kuwa, ba a magana.

Amma in motar tana gudun kilometir 30 a awa, metir 8 take ci a sakan ɗaya, kuma za ta tsaya cikin wajen metir 13. A wurin da mai gudun 30 ya riga ya tsaya, mai gudun 50 bai ko fara taka birki ba.

Don haka ne masu tsara birane suke neman dabarun da za su sa mota ta rage gudu inda mutane suke tafiya da ƙafa. Allo mai lamba yana da amfani, amma direba mai gaggawa yakan wuce shi bai duba ba. Tudun da ake ginawa a gicciye a kan kwalta ya fi allo ƙarfin magana. Faransawa suna kiransa dos-d'âne, wato bayan jaki. Wanda bai rage gudu ba, motarsa za ta gaya masa. Akwai fararen layuka da ake shafawa a wurin tsallakawa. Akwai gefen da ake ɗagawa ya fi kwalta tudu domin masu tafiya ƙasa, sunansa trottoir. Abin takaici, sau da yawa masu tebur da masu kabu-kabu sukan cika shi, sai yara su sauka kan kwalta. A hanya mai faɗi kuma akan gina ɗan tsibiri a tsakiya. Mutum ya tsallake rabi, ya tsaya, ya sake dubawa, sannan ya ƙarasa. Sakan bakwai sun rabu gida biyu.

A birnin Paris na ƙasar Faransa, a shekarar 2021, an mai da iyakar gudu kilometir 30 a awa a yawancin titunan gari. An kuma rufe wa motoci titunan da ke ƙofar makarantu da yawa. Kakanninmu ba su san mota ba, amma wanda ya shiga lungunan unguwar Birni a Damagaram zai ga hanyoyi matsattsu masu lanƙwasa, waɗanda aka yi domin ƙafa. A nan ba mai iya gudu ko yana so.

Inda ba a gina komi ba, sai ka tsare kanka. A Nijar motoci suna bin dama. Kai ka bi gefen hagu, domin ka riƙa ganin motar da take zuwa gabanka. In za ka tsallake, ka tsaya inda kake gani kuma ake ganinka. Kada ka fito daga bayan motar da ta tsaya ko bayan amalanke. Ka dubi hagu, ka dubi dama, ka sake duban hagu. Ka saurara. Salular da ta yi mana lissafi ta koma aljihu, a cire abin jin waƙa daga kunne. Ka miƙe kai tsaye, ba a karkace ba, domin karkacewa tana ƙara tsawon hanya.

Tambayoyi

1. Sakan nawa ne cikin awa ɗaya?
2. Me ya sa mota ba ta tsayawa nan take in direba ya ga yaro?
3. Wane gefen hanya za ka bi in babu trottoir? Don me?

Aiki

Mota tana gudun kilometir 90 a awa a bayan gari. Metir nawa take ci a sakan ɗaya? Nawa za ta ci a sakan 7?

Ku ja layi biyu a filin makaranta, metir 7 tsakaninsu. Malam ya auna da agogon salula sakan nawa kowa yake yi daga layi zuwa layi. Ku sake aunawa kuna riƙe da hannun ɗan aji ɗaya. Ku rubuta amsoshin biyu a kan allo.