Kuɗin shinkafa da hannun jarin kanti

Ni manomi ne a Madobi, ina noman rani da ruwan Tiga ta ɓangaren Kura. Bana Allah ya ba da shinkafa. Bayan na biya bashin taki da 'yan ƙwadago, naira miliyan ɗaya da rabi ta rage mini. Ɗan ƙanena da ke karatu a birni ya matsa in sayi hannun jari a uwar kamfanin Shoprite, wai tunda ba a daina cin abinci, kantin abinci ba ya karyewa. Akwai wani a WhatsApp da ya ce zai saya mana, riba kashi 20 duk wata. Zuciyata ta kasu biyu: in bi yaron, ko in sayi masara in ajiye yadda na saba? Kuma halal ne?

Manomi, Madobi

Alhaji, Allah ya ƙara wa gona albarka.

Mutumin WhatsApp ɗin nan, ko kwabo kada ka tura masa. Kamfani yakan raba riba sau ɗaya ko biyu a shekara, wata shekarar ma ba ya rabawa. Mai alkawarin kashi 20 duk wata sawun damfarar MMM ta 2016 yake bi, da CBEX wadda ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Ita uwar Shoprite 'yar Afirka ta Kudu ce, a kasuwar Johannesburg ake cinikin hannun jarinta. Tun 2021 ta sayar da kantunanta na Najeriya ga 'yan kasuwar gida, sannan reshen Ado Bayero Mall ya rufe a Janairun 2024. Ka tambayi yaron naka: Kanawa sun daina cin tuwo ne a lokacin? Kasuwannin Singa da Dawanau suka ci gaba da zuwa abinsu. Ribar kanti siririya ce, hayar wuri da man janareta da faɗuwar naira duk a jikinta suke ci.

Sai maganar da ya kamata ka riƙe. Uwar kamfani ba ta auna wa kowa gishiri, 'ya'ya take mallaka. Ranar da ka sayi hannun jarinta ka shiga ribar 'ya'yan duka, ka shiga bashinsu duka. Dubi UAC: Gala tata ce, Grand Cereals na Jos nata ne, amma kamfanin fenti na CAP ma a ƙarƙashinta yake. Kana zaton abinci ka saya, ashe har da gwangwanin fenti. Ba laifi ba ne, sai dai a san abin da ke cikin buhu kafin a ɗinke baki.

In ranka na son harkar abinci, a kasuwar hannun jari ta Legas akwai BUA Foods, mai sukari da fulawa da taliya, wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2022. Akwai kuma Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai. Ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista ake saye, a buɗe maka asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunanka, ba da sunan yaron ba, komai amanarsa. Ana cire harajin kashi 10 daga ribar da aka raba, kuma farashi na sauka yadda kwandon tumatur ke sauka a Kwanar Gafan ranar da kaya suka yi yawa.

Batun halal, malamai da yawa sun amince idan sana'ar kamfanin tsarkakakkiya ce kuma bashin ruwa bai yi masa katutu ba. Uwar Shoprite tana da shagunan giya a ƙasarta. Akwai jerin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa shari'a. Dillali ya nuna maka, ka kai wa malaminka.

Da ni ne, kashi ɗaya cikin biyar zan gwada da shi, in manta da shi shekara uku. Masara ka san kakarta, ka san ƙwaronta. Kuɗin iri da takin alkamar Nuwamba kuwa, ware su tun yau.