Matsayin Tuni da Mantuwa a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Bahaushe kan bambanta "na manta" da "ya kwanta mini". Abin da ya kwanta yana nan, tashinsa kawai ake jira. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa masana ilimin halayyar ɗan Adam sun tabbatar da irin wannan bambanci ta hanyar gwaji, har ma sun gano cewa tuni ba rumbu ɗaya ba ne a cikin ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fara auna mantuwa shi ne Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda ya buga sakamakon bincikensa a shekarar 1885. Ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, don kada sanin kalma ya taimake shi, sa'an nan ya bar su na wani lokaci, ya sake biya su yana ƙidaya wahalar da ta ragu. Ya ga cewa fiye da rabin haddar kan zube cikin sa'a guda, amma daga nan zubar sai ta yi sauƙi. Kuma ko jerin da ya ɗauka ya ɓace ɗungum, koyonsa na biyu ya fi na farko sauri. Wato dai kwanciya ya yi. Raunin wannan bincike a fili yake, domin mutum ɗaya ne mai gwaji, shi ne kuma abin gwajin. Duk da haka waɗanda suka maimaita shi daga baya sun sami kusan abin da ya samu. Gardin da ke tilawa kullum dare bai san sunan Ebbinghaus ba, amma maganin wannan zuba yake yi.

Hanya ta biyu ita ce nazarin majinyaci guda a tsawon lokaci. A shekarar 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai farfaɗiya, Henry Molaison, aiki, aka cire masa mafi yawan wani sashe da ake kira hifokamfos, wanda ke can ciki daura da kunne, dama da hagu. Farfaɗiyar ta lafa, hankalinsa bai gushe ba, amma daga ranar ya kasa ajiye sabon abu. Brenda Milner, wadda ta shekara da shekaru tana nazarinsa, sai ta gabatar masa da kanta duk zuwan da ta yi. Abin mamaki shi ne da ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana duban madubi, hannunsa ya riƙa ƙwarewa kullum, alhali shi yana cewa bai taɓa yin aikin ba.

Ashe ke nan tunin labari daban, tunin hannu daban. Ana iya ganin misalin wannan a kudancin Kaduna. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Tsohon ma'aikacinta na iya rikita shekarar da aka ɗauke shi aiki ko sunan shugaban sashensa, amma a miƙa masa zaren da ya tsinke, yatsunsa za su ƙulla tun bai gama tunani ba. Irin wannan ƙwarewa ta dogara ne ga wasu sassa dabam, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya.

Wannan rarrabewa tana da amfani ga iyalan da ke kai tsofaffinsu Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Sau da yawa 'yan'uwa kan musa cewa tsohuwa tana da ciwon mantuwa, tun da tana tuƙa tuwo daidai, tana kuma ba da labarin ƙuruciyarta tiryan-tiryan. Ai waɗannan su ne kan daɗe ba su taɓu ba. Abin da likita kan gwada shi ne sabuwar ajiya: ya faɗi kalmomi uku, ya ɗauke mata hankali da wata magana, bayan 'yan mintoci ya nemi ta maimaita su.