Tauraron Ɗan Adam da Gonakinmu na Adar

Bayan sallar magariba, idan gari ya yi garau, ku ɗaga kai ku dubi sama. Wani lokaci za ku ga ɗan haske yana tafiya a natse tsakanin taurari, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Fitilar jirgin sama ƙyaftawa take yi. Wannan kuwa tauraron ɗan Adam ne: na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba sama da roka, tana zagaya duniya. Hasken rana ne ke dukan jikinta, shi ya sa muke ganinta. A wannan darasi za mu ga yadda take aiki, da abin da ta gani a ƙasar Keita da Buza da Madawa, da amfanin da manomi da makiyayi za su ci da ita.

Yadda abin ya faro

Tarayyar Sobiyet ce ta harba tauraro na farko, mai suna Sputnik, ran 4 ga Oktoba 1957. Nauyinsa bai kai buhun hatsi mai kilo 100 ba, kuma aikinsa kawai aiko ƴar ƙara ta rediyo. A 1969 mutanen Amurka suka sauka kan wata. Kwamfutar da ta yi musu jagora ba ta ko kama ƙafar wadda ke cikin wayar salula ta yau ba. Kafin ita ma, kwamfutar ENIAC da aka nuna wa jama'a a 1946 ta cika babban ɗaki, nauyinta kusan tan 30. A hankali na'urori suka yi ta ƙanƙancewa, ƙarfinsu na ƙaruwa, kuɗinsu na sauka, har suka iso aljihun talaka.

Me ya hana tauraro faɗowa?

Ku tuna da yaro mai korar tsuntsu da majajjawa. Muddin yana juya ta da sauri, dutsen zagayawa yake yi, igiya na riƙe da shi. Haka tauraro yake: ƙasa tana jawo shi, gudunsa kuma yana hana shi faɗowa. Na kusa da mu suna gudun kilomita wajen 27,000 a awa ɗaya.

Iri uku ne suka fi shafar mu. Akwai masu ɗaukar hoton ƙasa, kamar Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972. Na yanzu suna tafiya a nisan kilomita 705 daga ƙasa, wato ya zarce tafiyar Madawa zuwa Yamai, kuma kowanne yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Akwai masu lura da hadari, kamar Meteosat, a nisan kilomita 36,000. Su tafiyarsu daidai take da juyawar duniya, don haka kullum suna bisa Afirka. Sai na GPS, masu nuna wa mutum inda yake tsaye.

Ta yaya na'ura ke rarrabe gona mai shuka da fako? Ɗanyen ganye yana mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani. Busasshiyar ƙasa ba ta mayar da shi kamar haka. Tauraro yana auna wannan haske, ya aiko da lissafin zuwa ƙasa, kwamfuta ta mai da shi taswira: nan akwai ciyawa, can babu.

Abin da aka gani a Keita

Tsofaffi sun san cewa a farkon shekarun 1960 gangaren duwatsun Keita cike suke da itatuwa. Fari ya zo a 1973, ya komo a 1984. Itatuwa suka mutu, saura aka sare. Ruwa ya rasa abin da zai tare shi, yana gangarowa da ƙarfi, yana yanke gonaki, yana cike fadamu da rairayi.

A 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM. Daga baya aikin ya kai Buza da Abalak. An kawo katafila da tarakta suna fasa fako a kan tudu. Amma inda mota ba ta hawa, hannu ne ya yi aiki. Mutane suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin dutse da diga da shebur, suka jera duwatsu, suka dasa itace a kowane rami. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza da dama sun tafi ci-rani. Da ka suka ɗauki duwatsun nan, cikin zafin rana, ana biyansu da abinci. An dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an yi madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyi.

Da masana suka gwada hoton sama na 1984 da na 2002, sai suka ga filin da itatuwa suka rufe ya ninka fiye da sau uku. Gani ya kori ji.

Majiya da Galma

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, iskar hunturu ce ke kwashe ƙasar gona, iskar farkon damina kuma ta binne shuka. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. Iska ta rage ƙarfi, laima ta daɗe a ƙasa, gero ya ƙara yawa. Layukan nan suna fitowa sarai a hoton sama.

A Galma, cikin ƙasar Madawa, wani masani daga Amurka mai suna Gray Tappan ya gwada hoton da aka ɗauka daga sama a 1975 da wani na 2003. Gari ya ƙara girma, mutane sun ƙaru, amma itatuwan cikin gonaki sun fi na da yawa nesa ba kusa ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa, suna yi masa aski, suna tsare shi daga dabbobi da gatari. Irin waɗannan hotuna ne suka nuna cewa a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Mu lura da kyau. Tauraro bai haƙa rami ko ɗaya ba, bai jera dutse ba, bai dasa itace ba. Shaida ya ba da. Dabarar tare ruwa da duwatsu kakanninmu sun san ta tun kafin a ƙera roka. Sabuwar na'ura ta zo ta tabbatar wa duniya cewa aikin yana ci. Don haka kada mu rena tamu dabara, kada kuma mu guji sabuwa.

Amfani huɗu da za mu ci

Na ɗaya, labarin damina. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana karɓar hotunan taurari, tana aiki da ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa. Kowace shekara kafin damina ana faɗin yadda ake sa ran ruwa zai kasance. Ku saurara a rediyo. Hasashe kirdado ne na masu ilimi, sanin gaibu sai Allah. Amma idan an ce damina na iya gajarta, mai hankali sai ya tanadi iri mai saurin nuna.

Na biyu, fara da kiwo. Farar dango tana hayayyafa can arewa, a Tamesna da Abzin, inda ciyawa ta fito bayan ruwa. Hoton sama yana nuna wa masu yaƙi da ita inda za su nufa kafin ta yi fiffike ta yi mana ɓarna kamar yadda ta yi a 2004. Hoton kuma yana nuna inda makiyaya ta yi kyau.

Na uku, awon gona. Wayar da ke da GPS tana sauraren taurari aƙalla huɗu, ta lissafa inda take. Idan an zagaya gona da ita, za a san faɗinta. Ku nemi hukumar kula da filaye ta yankinku ta auna muku, ta ba ku takarda. Na'urar tana iya kuskuren ƴan mitoci, saboda haka kada a cire duwatsun iyaka, kada a yi awo ba maƙwabta da shaidu.

Na huɗu, wutar rana. Farantin da ke jawo ruwa a garakan albasa na kwarin Tarka, irinsa ne aka liƙa wa tauraron Vanguard a 1958. Ɗan ƙasarmu Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana. Mai faranti ya fuskantar da shi kudu, ya ɗan karkata shi, ya kau da inuwa, ya share ƙura da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi.

Duk waɗannan abubuwa da rubutu da lissafi suke zuwa: saƙon waya, lambar awo, takardar gona. Wanda ya iya karatu shi zai duba da idonsa, ba sai an faɗa masa ba.

Tambayoyi

1. Yaya ake rarrabe tauraron ɗan Adam da jirgin sama da dare?
2. A wace shekara aka soma aikin Keita, kuma su wa suka fi yin aikin hannu?
3. Me hotunan Galma na 1975 da 2003 suka nuna?
4. Don me ba a cire duwatsun iyaka ko da an auna gona da GPS?

Aiki

Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a garinku itatuwan da ke akwai a da, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda suka dawo. Ku rubuta sunayensu a layi uku, ku kawo aji mu karanta tare.