Tunawa Da Waɗanda Aka Ci Da Yaƙi: Darasi Daga Basasar Kano

 

Makonni biyu da suka wuce, bayan mun tashi daga darasin Nahawu a makarantar da nake koyarwa a Tarauni, wani ɗalibina ya biyo ni har ƙofar gidana a Gyadi-Gyadi, ya ce yana da tambaya, amma ba ta aji ba ce. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kakana ya tsufa ƙwarai, kuma tun muna yara yake gaya mana mu jinin Tukurawa ne, kakansa yana cikin waɗanda suka fita daga birni tare da Sarki Tukur. Ina so in rubuta abin da ya sani tun yana da rai, mu kuma riƙa haɗuwa da dangi muna yi wa mutanen nan addu'a. To, baffana ya ce kada in tono abin da ƙasa ta rufe, wai tada fitina ne. Wa ya fi gaskiya?" Na ce masa ya ba ni kwanaki. Amsar da na ba shi ita ce nake so in shimfiɗa wa masu karatu a wannan mako.

Da farko sai mu tuna wa matasa labarin, domin da yawansu in an ce yaƙin basasa, hankalinsu ba ya zuwa ko'ina sai yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970. Alhali kuwa Kanawa sun san Basasa tun kafin zuwan Turawa. Ana cewa ita kalmar ma daga yaƙin Basus aka samo ta, wanda ƙabilun Bakar da Taglib suka shekara arba'in suna gwabzawa a zamanin jahiliyya saboda wata taguwa, su kuwa 'yan'uwan juna ne.

Sarki Abdullahi Maje Karofi da Sarki Muhammadu Bello duka 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo ne. Bello ya gaji Abdullahi, ya yi sarauta har ya rasu cikin 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa ɗan Bello, watau Galadima Tukur, wanda ya nuna jarumtaka a yaƙin Argungu, Waziri Buhari kuma shi ya zartar da naɗin. 'Ya'yan Abdullahi, waɗanda suke da yawa kuma suke ganin an danne su a zamanin Bello, ba su yarda ba. Suka fita tare da babbansu Yusufu, suka yi sansani a Takai, garuruwan gabas da na kudu da dama suka bi su. Titin Maiduguri da ya ratsa ta gefenmu ya nufi Wudil, shi ne ke kai mutum wannan nahiya a yau. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko, jama'arsa suka bi ƙanensa Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu. Cikin 1894 Alu ya shiga birni, Tukur ya fita zuwa Kamri ta ƙasar Katsina, kuma a watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, nan al'amarinsa ya ƙare. Daga Alu har zuwa yau, duk wanda ya hau gadon Dabo daga tsatson Abdullahi ya fito. Mai son tsawon labarin ya nemi Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, ko littafin da Dokta Adamu Fika ya buga da Turanci cikin 1978.

To, a nan ne mai karatun fiƙihu zai tsaya ya yi tunani. A ranar da aka fara, Tukur shi ne naɗaɗɗen Sarkin Musulmi, saboda haka a zahirin littafi waɗanda suka fita Takai su ne masu tawaye. Bayan shekara biyu kuwa, Sakkwato ta amince da Alu, kuma malamai sun yi bayani cewa wanda ya rinjaya, mulki ya tabbata a hannunsa, ana binsa domin a tsare jinin jama'a. Sai ga wanda jiya yake kan umarni, yau shi ake ambata da raɗa. Talakan da ya tsaya tare da Tukur domin ya ji an ce umarnin Sakkwato ne, wane laifi za mu rubuta masa? Wanda kuma ya bi Yusufu domin yana ganin an zalunci gidan ubangidansa, wa ya ba mu alƙalancin zuciyarsa? An kashe rayuka, an ƙwace gidaje da sarautu, kuma babu ɓangaren da hannunsa ya fita fes.

Alƙur'ani mai girma bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 9 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi magana a kan ƙungiyoyi biyu da suka ɗauki makami a kan juna, ta kira su duka biyun muminai, ta yi umarni da sulhu na adalci, ayar da ke biye kuma ta tabbatar da 'yan'uwantakarsu. Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya fassara wannan a aikace ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira. Ya hana a bi wanda ya gudu, ya hana a ƙarasa wanda aka yi wa rauni, ya hana a kama kowa a matsayin bawa, ya sallaci mamatan ɓangarorin biyu, sa'an nan ya mayar da Uwar Muminai A'isha Madina cikin girma. Daga wannan aiki nasa malamai suka ciro yawancin hukunce-hukuncen da muke karantawa a babin masu tawaye. Idan mai nasara ya sallaci gawar wanda ya yaƙe shi, ta yaya za a hana jikan mamacin ya roƙa masa gafara? Balle ma ya inganta cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu.

Amma fa maganar baffan yaron nan ba ta banza ba ce, kuma ni ban raina ta ba. Ku dubi ranar Bu'asu, yaƙin da Ausu da Hazraju suka yi kafin Hijira. Wata ranar idi, 'yan mata biyu suna rera waƙoƙin Bu'asu a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah ya ce a ƙyale su. Wata rana kuma, kamar yadda masu sira suka kawo, wani mai suna Shasu ɗan Ƙaisu ya ga mutanen ƙabilun nan biyu zaune wuri ɗaya suna hira, abin ya ƙona masa rai, ya tura wani saurayi ya tuna musu da waƙoƙin Bu'asun nan dai, har suka tashi suna kiran makamai, sai da Manzon Allah ya fito ya kwaɓe su da cewa wannan kiran jahiliyya ne. Yaƙi ɗaya ne, waƙoƙin ma kusan ɗaya, amma nan an bari, can an hana. Abin da ya raba su shi ne nufin mai tunawa da kuma inda tunawar ta nufa da mutane.

Mun ga irin wannan a Amurka. Jihohin kudu da aka ci a yaƙin 1861 zuwa 1865, jikokinsu sun cika dandali da gumakan sarakunan yaƙinsu da sunan tsare gado, alhali abin da aka yi yaƙin a kansa shi ne ci gaba da bautar da baƙaƙen fata. Rigimar ba ta kwanta ba har aka sauke gunkin Janar Lee a birnin Richmond cikin 2021. Mu dai shari'a ta hutar da mu daga gumaka da gine-gine a kan kaburbura tun da farko. Abin da ya rage mana shi ne alƙalami da addu'a, su kuwa ba su tare wa kowa hanya.

Akwai kuma nauyi a kan zuriyar masu nasara, wanda ba a cika faɗa ba. Banu Umayya sun daɗe ana aibata Sayyidina Aliyu a kan mumbarorinsu, har Umaru ɗan Abdul'azizu ya hau, shi da yake ɗan gidan ne, ya soke wannan al'ada, ya sa aya ta 90 ta Suratun Nahali a madadinta, ayar da limamanmu suke rufe huɗuba da ita ran Juma'a har gobe. Gyaran daga cikin gidan da ya rinjaya ya fito. Shi kansa Sarki Alu ya ɗanɗana abin da Tukur ya ɗanɗana, domin Turawa sun raba shi da Kano cikin 1903, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja, ya rasu cikin 1926. Duk wanda yake jin zafin wannan, ya kamata ya fahimci zafin wancan.

Saboda haka na ce wa ɗalibina ya sayi littafin rubutu, ya zauna gaban kakansa, ya rubuta sunayen iyaye da garuruwan da suka zauna da yadda suka komo, domin sanin nasaba shi ke riƙe zumunci. Abin da tsohon ya gani da idonsa ya ware shi daban, abin da ya ji daga bakin wasu ya rubuta cewa ji ya yi, kamar yadda malaman Hadisi suka koya mana. In ya tarar da abin kunya a ɓangarensu kada ya goge shi, in ya tarar da zambo ga wani gida kada ya karanta shi a taro. Addu'a kuma su haɗa Tukurawa da Yusufawa a cikinta, kada su keɓe wata rana ta shekara su mai da ita kamar idi ko zaman makoki. Na kuma ce ya fara kai wa baffansa littafin ya duba kafin kowa ya gani.

Shekaranjiya ya zo mini da shafi goma sha ɗaya. A shafi na huɗu ya rubuta cewa matar kakan kakan nasa, wadda ta goya 'ya'yanta zuwa ƙasar Katsina, ubanta yana cikin rundunar Takai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin dukiyar da aka ƙwace lokacin fitina, da abin da malaman Malikiyya suka ce game da mayar da ita ga magada.