Jinin Ɗan'uwa

A kakar bara aka kawo mana wata maijego daga wani ƙauye da ke tsakanin Gashua da Nguru, jikinta ya yi rau da zafi, ƙuraje sun feso mata tun daga tafin hannu har gadon baya, idanunta sun koma ruwan ɗorawa, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa. Da na matsa da tambaya, sai maigidanta ya ce, "Likita, ai an ƙara mata jini bayan haihuwa, kuma na yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da ɗuminsa aka sa mata." Da alfahari ya faɗa. Wanda ya yi aikin kuwa wani mai kemis ne da ya ajiye gado biyu a bayan shagonsa, ya duba rukunin jini kaɗai, sa'an nan da zazzaɓi ya taso a kwana na 10 ya ce ƙyanda ce, ya yi ta ɗirka mata allurai har mako guda.

Abin da ya auku shi ne, saboda kusancin nasaba, musamman da yake iyayensu auren zumunci suka yi, jikinta bai ɗauki fararen ƙwayoyin jinin yayanta baƙi ba, alhali su sun ɗauke ta baƙuwa, suka hayayyafa, suka auka wa fata da hanta da hanji da ɓargo. Cikin mutum 100 da wannan musiba ta kama, fiye da 90 ba sa tashi.

Inda ake da hali, ba a sa jinin dangi sai an haska shi da hasken gama, gire 25, ko kuwa a zuba masa wani magani mai ban al'ajabi, wanda ba ya motsi sai haske ya tashe shi, kamar bitamin B2 da hasken ultrabayolet, har ƙwayoyin su kasa hayayyafa. An jarraba wannan maganin a asibitin Komfo Anokye na Kumasi, aka bayyana a 2016 cewa har ma yana rage ɗaukar zazzaɓin cizon sauro ta hanyar ƙarin jini. Mu ɗakinmu babu ko ɗaya.

Saboda haka kada a sa wa majinyaci jinin ɗan'uwansa. Ɗan'uwa ya bayar a ajiye, a musanya da na bare. Shagon kemis ba wurin ƙarin jini ba ne. Ku kuma mutanen Gashua masu jinyar ƙoda, ƙanen da kuke fatan ya ba da ƙoda gobe, kada ya ba da jini yau, domin jiki zai shaida shi ya ƙi dashen. Masu sikila ma haka. Jini mai ɗumi da kuke nacewa a kai, shi ne mafi haɗari, na faɗa har na gaji.

Kwana shida ta yi a hannunmu, Allah ya jiƙanta. Ana gobe za ta cika, yayan nan ya tare ni a ƙofa, ya naɗe hannun riga ya ce, "Likita, in jinin bai isa ba, a ƙara ɗiba."