Mai jifan sauri a kurket: ka tsare bayanka kafin ka nemi suna

A watan Nuwamba na 2011, a filin Wanderers da ke Johannesburg, Ostiraliya ta saka wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Pat Cummins a wasan kurket na kwana biyar da Afirka ta Kudu. A zagaye na biyu ya fitar da masu bugu shida, kuma shi ya buga ƙwallon da ta ba ƙasarsa nasara. Kowa ya ce an samu gwarzo. Bai sake buga irin wannan wasa ba sai a watan Maris na 2017 a Indiya. Sama da shekara biyar yana fama, farko diddige, daga baya ƙashin baya ya yi ta tsagewa. Ya dawo, ya zama kyaftin a 2021, ya ɗaga kofin duniya a 2023, amma saboda yana da hukuma mai likitoci da kuɗi da haƙurin jiransa. Yaran da ba su da wannan gatan, shiru kawai ake ji, a ce wane ya daina zuwa fili.

Shi ya sa idan yaro ya tambaye ni yadda zai ƙara sauri, nakan fara tambayarsa ƙwallo nawa ya jefa a makon nan. Sauri baiwa ce, wanda yake da ita tun yana ɗan shekara 13 ake gani. Abin da ke hannunka shi ne ka kai shekara 23 da wannan baiwar ba tare da ka karye ba.

Ka san abin da jikinka ke ɗauka. Duk lokacin da ƙafarka ta gaba ta dira a layi, nauyin da ya ninka na jikinka sau da yawa yana bi ta gwiwa da ƙugu ya sauka a ƙasan gadon baya, a daidai lokacin da kake lanƙwasawa gefe kana murɗawa. Ƙashin wannan wurin ba ya gama ƙwari sai an haura shekara 20. Ciwon ma ba faɗuwa ɗaya ke kawo shi ba. Ƙaramar tsaga ce ke farawa, kullum ana ƙara mata, har ranar da za ka kasa sunkuyawa ka ɗaura takalmi. Hukumar kurket ta Ingila ta sa doka a kan haka: ɗan shekara 13 ba zai wuce oba biyar a jere ba, kuma oba goma ne iyakarsa a yini. Ko ɗan shekara 19, bakwai ne a jere, 18 a yini. Oba ɗaya jifa shida ce, ka yi lissafi. Akwai kuma shawarar da suka daɗe suna bayarwa, kada a yi jifa fiye da kwana huɗu cikin bakwai, kada kuma a wuce kwana biyu a jere. Jifar atisaye ma tana cikin lissafi, domin ƙashi bai san bambancin gasa da atisaye ba. Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan dogon hutu: yaro ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba, gasar makarantu ta zo, a jibga masa oba talatin cikin kwana uku. In kuma a kan siminti da aka shimfiɗa wa tabarma kuke wasa, kamar yadda ake yi a wurare da dama inda babu filin ciyawa, to ka rage ma fiye da haka, ka kuma nemi takalmi mai taushin ƙasa.

Ga alamar da ba a wasa da ita. Idan da dama kake jifa, ka ji ciwo a ƙasan baya ta gefen hagu, wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, wanda ke ƙaruwa in ka tanƙwara baya ta baya, ka ajiye ƙwallo ranar. Kada ka shafa man zafi ka koma. Ka je wurin likitan ƙashi, ka gaya masa irin wasan da kake yi, domin hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna tsagar a farkonta. Hutun makonni a yanzu ya fi jinyar shekara.

Sai salon jifa. Akwai masu dira da gefe, kafaɗa na kallon mai bugu. Akwai masu dira da ƙirji a buɗe, kamar Malcolm Marshall na West Indies, wanda ba dogo ba ne a cikin abokansa amma ya fitar da mutum 376 a wasannin kwana biyar. Duka biyun suna da kyau. Matsalar ita ce gauraye, wato ƙugu na fuskantar wani wuri, kafaɗu na fuskantar wani, baya ya zama shi ke murɗewa a tsakani. Ba sai da na'ura mai tsada za ka gane ba. Ka ba abokinka waya ya tsaya a bayanka ya ɗauki bidiyo, ku kalla a hankali, ku tsayar daidai lokacin da ƙafar baya ta taɓa ƙasa. Ƙugu da kafaɗu su kasance a layi ɗaya. Ku duba kai kuma, shin yana tsaye ko ya faɗi can gefe?

A nan ina da jan hankali ga masu horarwa, domin son gyara ma yana kashe yaro. James Anderson na Ingila ya fito da salonsa na halitta, kansa na kallon ƙasa lokacin sakin ƙwallo. Aka ce sai an gyara shi don kada ya ji ciwo. Aka gyara, ƙwallonsa ta daina karkata, kuma a 2006 bayan nasa ya tsage duk da haka. Da ya koma salonsa na asali ne ya zama Anderson da aka sani, ya yi ritaya daga wasan ƙasa da ƙasa a 2024 yana da shekara 41, ya fitar da mutum 704 a wasannin kwana biyar, adadin da babu mai jifan sauri da ya taɓa kaiwa. Jasprit Bumrah na Indiya ma da an bi littafi da ba a bar shi ba, da ɗan gajeren gudunsa da hannunsa a sandare. A gyara abin da ke barazana ga baya, a gyara gwiwar hannu idan tana miƙewa fiye da digiri 15 da doka ta yarda, sauran a ƙyale wa yaro abinsa.

Gudun shigowa kuwa, yawancin yara tsawo suke ba shi don su tsorata mai bugu, su iso layi a gajiye. Ka je fili babu kowa, ka sa alama, ka taho a guje ka yi jifa a inda jikinka ya ce ka yi, ba tare da kallon layi ba. Abokinka ya sa dutse inda ƙafar gaba ta dira. Ka maimaita har duwatsun su taru wuri ɗaya, sannan ka auna da igiya, ka ƙulle ta, ka riƙa zuwa da ita kowane wasa. Wannan igiyar za ta raba ka da ƙetare layi, wanda kyautar maki ce ga abokan hamayya, wani lokaci ma ka fitar da mutum alƙali ya ce bai fita ba.

Yanzu riƙo. Manuniya da ɗan tsakiya a gefe biyu na ɗinkin ƙwallo, ba a ware sosai ba, babban yatsa a ƙasa a kan ɗinkin, ka bar ɗan sarari tsakanin ƙwallo da tafin hannu. Kada ka matse ta. Wuyan hannu ya tsaya a bayan ƙwallo, yatsu su goge ta zuwa ƙasa wajen saki, ta tafi ɗinkinta a tsaye. Ka shafa wa rabin tsohuwar ƙwallo farin fenti, ku riƙa jefa wa juna kai da abokinka daga taku goma. In launukan biyu sun tsaya kowanne a gefensa har ta isa, hannunka ya yi daidai. In sun cakuɗe, da sauran aiki. Wannan atisayen ba ya cin baya, kana iya yin sa kullum a tsakar gida.

Na san kowane yaro Shoaib Akhtar yake so ya zama, mutumin Pakistan da ya jefa kilomita 161.3 a awa a gasar duniya ta 2003. Amma ka dubi Glenn McGrath, wanda bai kusa da wannan saurin ba, ya fitar da mutum 563 a wasannin kwana biyar da abu ɗaya: ƙwallo ta sauka wuri ɗaya, ta tashi ta nufi saman turken waje, yau da gobe, har mai bugu ya ƙosa ya yi kuskure. Ka shimfiɗa hankici kimanin mita shida zuwa takwas daga turakun mai bugu. Cikin jifa shida, nawa suka sauka a kai ko kusa? Ka rubuta. Sai ka iya saka huɗu a kai a kai kafin ka fara ɓata lokaci kan ƙwallo mai tashi zuwa kai ko mai sauka a yatsun ƙafa. Peter Aho na Najeriya, da ya fitar da 'yan Saliyo shida a kan maki biyar kacal a Legas a 2021, ba a san shi a jerin masu tsananin sauri na duniya ba, amma ranar ya kafa tarihi a gajeren wasa na ƙasa da ƙasa.

Ranakun da ba ka jifa ba ranakun zama ba ne. Ka yi gudu, ka ƙarfafa ciki da ƙugu da cinyoyi da nauyin jikinka, ka ci ka ƙoshi, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, ka yi barci da wuri. Kuma ka sa a ranka za a buge ka. Wata rana ƙwallonka mafi kyau za ta tafi bayan iyaka. Ka juya, ka taka zuwa alamarka, kafin ka isa ka yanke shawarar jifa ta gaba.

Malam koci, kai ma iyayen yara, ga roƙona. Yaron da ya fi kowa jifa shi ne wanda za a fi sha'awar ba shi ƙwallo idan wasa ya yi zafi, shi kuma ba zai taɓa cewa ya gaji ba, kunya da son wasa ba za su bar shi ba. Ku sayi ɗan littafi, ku rubuta sunan kowane yaro da yawan obar da ya jefa kowace rana, har da na makaranta da na unguwa. In ya cika adadinsa, ku karɓi ƙwallon ku ba wani, ko da kofi ne zai kuɓuce a ranar.