Janareta mai gas: kada hasken mai ya ruɗe ka

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aikinmu na masu gyaran janareta ya sauya kama. Masu cajin waya, masu aski da masu sayar da ruwan sanyi, daga Kanya Babba zuwa Babura har Kazaure, da yawa sun sa an canza musu kafireta, inji ya koma shan gas ɗin girki. Aljihu kam ya ɗan sarara. Sai dai injinan da ake kawo min yanzu ciwonsu kusan ɗaya ne, kuma mai inji kan rantse bai ga wata alama ba.

Ba ƙarya yake yi ba. Fetur ba ya rufa wa inji asiri: hayaƙi zai turnuƙe, fulogi ya yi kunkunniya, baƙin mai ya yi duhu, dole ka nemi makanike. Gas kuwa tas yake ƙonewa, saboda haka mai yana daɗewa da haskensa alhali zafi ya gama cinye shi.

Kwanaki wani mai shagon caji ya kawo nasa yana ƙwanƙwasa. Na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da juye?" Ya zaro ma'aunin ya miƙo min: "Duba mana, Malam, ai kamar jiya aka zuba." Na murza man a yatsu biyu, ya tsinke, babu sauran danƙo. Ringi ya riga ya tafi, kuɗin da gas ya rage masa duk ya ƙare a kayan gyara.

Juye da awa ake yin sa, ba da ido ba. Yawancin ƙananan injina takardarsu ba ta wuce awa 100, kuma wanda ke kunnawa awa shida kullum zai cika ta kafin mako uku. Ka rubuta ranar a jikin tanki. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin kwanon abinci, ka rage wa'adin, ka riƙa wanke soson tace iska duk mako.

Sai bawul, wanda kusan babu mai tunawa da shi. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi, sai ya riƙa cin mazauninsa har tazarar ta rufe. In inji ya fara gardamar tashi da safe, ko ƙarfinsa ya ragu, ko yana harbi ta salansa, a duba saitin bawul kafin a ɗora wa kafireta laifi.

Tiyo ya fi komai tsorata ni. Na sha ganin na fetur, har na ban ruwa, an ɗaure da robar taya. Ka sayi na gas, da maɗaurin ƙarfe, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan yake yoyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan ɗaki yana jiran tartsatsi. Idan tukunyar gas ta yi raɓa inji ya fara shiɗewa, ta yi masa kaɗan ne. Ka nemi babba, kada ka matsar da ita kusa da salansa wai don ta ji ɗumi.

A kula kuma, gas ɗin motoci da ake kira CNG wani abu ne daban. Matsinsa ya ninka na girki fiye da sau goma, tukunyar gas ɗin girki ba za ta ɗauke shi ba.

Rashin ganin hayaƙi ma ba lafiya ba ne. Gubar da ke kashe mutane cikin barci tana fita daga salansa, ba launi ba wari, don haka inji a waje yake kwana, nesa da taga. In za ka kashe, fara cire kaya, ka rufe kan tukunya, ka bar shi ya shanye abin da ya rage a tiyo ya mutu da kansa.